Igiyar Da Na Kwance A Bayan Arfa

Shekarun baya, lokacin da ƙarfi ya fi hankali yawa a jikina, na yi sana'ar ba da hayar dabbab. Ga waɗanda ba su zauna a nan Makka ba, dabbab shi ne babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da samari ke hawa su yi ta tsere a cikin yashi. Jiya da aka yi ruwa na ga mutane suna ta sa hotunan fita shan iska, sai abin ya dawo mini sabo. Na ce bari in ba ku labarin, ko na ɗan samu sauƙi.

Ni da abokina muka haɗa hannu a sana'ar. Shi ɗan unguwar Rusaifa ne, ni ɗan Ka'akiyya, amma kakanninmu a ayari ɗaya suka tako daga ƙasar Kano, don haka tun muna yara kamar 'yan uwa aka ɗauke mu. Abu ɗaya ya raba mu. Kakansa ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa tun da wuri, nawa kuwa ya yi ta cewa baɗi zai koma gida, baɗi zai koma gida, har ƙasa ta rufe masa ido. Shi ya sa abokina ɗan ƙasa ne, ni kuma duk da a Makka aka yanke mini cibiya, da igama nake zaune, wato takardar izinin zaman baƙo, ana sabunta ta lokaci zuwa lokaci. Takardar izinin sana'ar da sunansa aka yi, baburan ma da gadon mahaifinsa ya saye su. A takarda ni ma'aikacinsa ne. A fili kuwa ni ne mai baki, ni ne mai gyaran inji, ni ne kuma mai ganin cewa na fi kowa sanin komai.

Wurin da muke kai baburan wani kwari ne a bayan Arfa, idan ka kama hanyar Ɗa'ifa ka karkata ka bar kwalta. Filin gwamnati ne, ba gonar kowa ba. Da sanyi ya shigo, ranakun Juma'a da Asabar, sai ka ga iyalai sun fito sun shimfiɗa dardumomi a gindin itatuwan ƙaya, ana hura gawayi, ana zuba gahawa, mata na gefe suna hira. Mu kuma muna can bakin hanya da baburanmu shida a jere, muna jiran samari.

Kun san Makka ba ta cika samun ruwa ba, amma ran da ya ga dama ya zo, sai ya gangaro daga duwatsu da ƙarfi ya share kwarin, washegari ya wuce kamar ba a yi ba. Sai dai akwai wani lungu a gindin wani babban dutse inda ruwan ke tsayawa ya zama ɗan tafki. Rana ba ta cika dukan wurin ba, don haka yakan yi makonni bai ƙafe ba. Da la'asar ta yi sanyi sai kwaɗi su fara kuka a wurin, ɗaya ya fara, sauran su amsa, har ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Ban taɓa tambayar kaina daga ina suke fitowa a wannan busasshiyar ƙasa ba. Ni abin da na sani kawai shi ne, wannan tafkin shi ne kasuwarmu. Yashi kowa ya saba da shi. Abin da samari ke so shi ne su taho a guje su tsaga ruwan, ya yi sama fari fat, abokansu na ɗaukar su hoto.

Wata shekara, kwana kaɗan bayan ruwan farko, muka iso muka tarar an kafa turakun ƙarfe an zagaye lungun gaba ɗaya da igiya. Ga allo an kafa, an rubuta cewa an hana shigar mota da babur, an kuma zana hoton kwaɗo a sama. Muna tsaye muna kallo sai ga motar jami'an kula da muhalli. Wani dattijo mai furfura a gemu ya fito, ya yi mana sallama, ya tambayi mai baburan. Abokina ya ce shi ne.

Mutumin bai yi mana tsawa ba. Ya ja mu har bakin igiyar, ya tsugunna, ya nuna mana cikin ruwan. Wasu abubuwa ne baƙaƙe ƙanana masu wutsiya, kamar ƙananan kifi, sun cika gefen tafkin suna motsi. Ya ce 'ya'yan kwaɗi ne. Ya ce iyayensu a ƙarƙashin ƙasar nan da muke takawa suke binne kansu duk tsawon zafi, sai ruwa ya sauka su fito su yi ƙwai. Ya ce irin nasu ya yi ƙaranci ƙwarai, domin wuraren da suke hayayyafa sun ƙare, wasu an yi gini a kansu, wasu tayoyi sun daddaɓe su.

"Makonni kaɗan kawai suke buƙata," in ji shi. "Su yi ƙafa su fita daga ruwan. Ga fili can gabas, ku yi wasanku har ku gaji. Nan kaɗai muka roƙe ku."

Abokina ya ce in sha Allahu. Ni kuwa na jira har motar ta juya, sannan na fashe da dariya. Na ce, "Ya akhi, ka ga duniya? Ni da aka haifa a garin nan har yau takarda nake bi, ga kwaɗo an ba shi fili da masu gadi." Abokina ya yi murmushi kaɗan, ya ce in rage baki. Na ɗauka na yi magana mai ma'ana. Na yi ta maimaita ta a majalisa har sati biyu, ana yi mini dariya, ina jin kaina.

A gida ma na kai wa mahaifiyata labarin, ina zaton za ta taya ni. Tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago ba. Ta ce lokacin da suke yara, kafin gine-gine su cinye unguwarsu, idan aka yi ruwa da kukan kwaɗi suke barci, amma ta manta rabon da ta ji shi. Ta ce kuma tun a makarantar allo aka gaya musu ba a kashe kwaɗo.

Na ce, "Umma, ai wurin nan ba cikin ƙasar Harami da aka hana farauta yake ba. Ya wuce haddi da nisa."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Au, Ubangijin cikin Harami daban, na wajensa daban?"

Na yi dariya na tashi. Haka nake yi duk lokacin da aka kayar da ni a magana.

Mun bi dokar sati biyu. Samari su zo, su ga igiya, su yi zagaye ɗaya ko biyu a yashi, su sauka suna cewa babu daɗi. Wasu ma ba sa sauka daga mota. Abokina ya kawo shawara mu kwashe baburan mu koma wani fili da ya sani ta hanyar Jidda, inda akwai tudun yashi masu tsawo, idan tafkin ya ƙafe mu dawo. Shawara ce mai kyau. Na ƙi. Na ce mu muka fara zuwa wurin nan, babu kwaɗon da zai kore ni. Yanzu idan na tuna wannan maganar sai kunya ta kama ni, domin su da suke wurin tun kafin kakana ya ɗaura ɗamarar tafiya, wai ni ne na fara zuwa.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce. Abokina ya kira ya ce zai makara, zai kai matarsa asibiti awo, in fara kafin ya iso. Bayan la'asar sai ga wasu samari su biyar a manyan motoci biyu. Suka karɓi babura, suka yi zagaye, suka dawo suka tsaya a bakin igiya suna ba injin wuta. Babbansu, wani dogo mai baƙin tabarau, ya ce in buɗe musu. Na nuna masa allo. Ya karanta, ya juya ya kalli abokansa, ya ce da Larabci, "Ku bar shi. Takruni ne, har kwaɗo tsoro yake ji."

Wanda ya tashi a nan ya san nauyin wannan kalmar, da ake kiran baƙar fata irinmu jikokin mahajjata da ita, idan aka jefa maka ita a irin wannan murya. Na sha jin ta tun ina yaro, na kuma sha haɗiye ta. Ba ina kawo uzuri ba ne. Da zuciyata na da hankali, da na karɓe baburana na ce su kama gabansu. Amma abin da na yi shi ne, na taka har wurin turke, na kwance igiyar da hannuna, na tuge turaku biyu na jefar gefe. Na hau babur na shida na ce, "Yalla, ku biyo ni, in kun isa."

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: na ji daɗi. Na taho a guje na tsaga ruwan nan, ya tashi sama ya zubo mini a ka, na ji ihu a bayana. Muka yi ta shiga muna fita, muna zagaya dutsen, muna juyi a tsakiya taya na haƙa ƙasa. Ruwan da yake garau ya koma kunu. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, wataƙila bai kai rabin awa ba. Abin da ya tsayar da mu shi ne ɗaya daga cikinsu ya hau kan wani dutse da ke ɓoye a ruwa, babur ya kife. Shi bai ji ciwo ba, ya tashi yana dariya. Amma ƙasan injin ya fashe, baƙin mai ya tsiyaye, ya bazu a kan ɗan ruwan da ya rage yana walƙiya.

Da na kashe injina na sauka, sai na ga abin da muka yi. Tayoyi sun watso ruwan waje, sun watso abin da ke cikinsa. Duk gefen tafkin, a kan laka, 'ya'yan kwaɗin nan ne zube, suna murɗawa. Da yawansu sun riga sun fitar da ƙafafun baya, ƙanana kamar zare. Saura kwana kaɗan ke nan. A cikin sawun taya kuma ga manyan, waɗanda muka tono daga ƙasa muka bi ta kansu. Ba zan bayyana muku yadda suke ba.

Samarin suka kalli jikinsu, suka yi dariyar lakar da suka kwasa, suka shiga motocinsu suka tafi. Mai tabarau ya ɗaga mini babban yatsa ta taga. Wannan shi ne ladan da na samu.

Ina tsaye a wurin abokina ya iso. Ya fito daga mota cikin farar jallabiyarsa ta Juma'a. Ya kalli igiya a ƙasa, ya kalli tafkin, ya kalle ni. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsa. Sai kawai ya juya. Ya koma mota ya ciro murfin kular ruwa, ya tattare hannun rigarsa, ya tsugunna ya fara kwasar waɗanda ke motsi yana kai su wani ɗan gurbi a bayan dutse inda man bai kai ba. Ni ma na shiga taya shi da tafin hannu. Suna da santsi, suna zamewa ta tsakanin yatsu. Yawancin waɗanda muka kai ruwan ba su sake motsi ba.

A haka motar jami'an ta same mu. Dattijon nan ne da wani abokin aikinsa. Ya sauko a hankali, ya zagaya wurin, ya daɗe a tsaye a gaban man nan. Na ga ya cire tabaraunsa na karatu ya goge ido, ban sani ba ko ƙura ce. Sannan ya dawo gabanmu.

"Wa ya kwance igiyar?"

A wannan daƙiƙar babu abin da ya zo mini a rai sai igamata. Saura wata uku a sabunta ta. Na tuna mahaifiyata da take zaune a ƙarƙashin kulawata, na tuna labaran waɗanda ƙaramin laifi ya zame musu babban abu a wurin sabunta takarda. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ban sani ba, amma tsoron ya riƙe mini harshe. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙafata.

Abokina ya ce, "Baburan nawa ne. Izinin ma da sunana yake."

Dattijon ya dube shi. Farar jallabiya, babu laka sai a hannu da gwiwa. Ya dube ni. Laka tun daga gashin kai har yatsan ƙafa. Ko makaho ya san wanda ya shiga ruwa.

Ya ce, "Ba mai babur na tambaya ba. Wa ya kwance igiyar?"

Abokina ya sake cewa, "Ni ne mai alhakin wurin nan. Rubuta sunana."

Mutumin ya ƙara jira. Na san ni yake jira. Ya ba ni lokaci mai yawa, fiye da yadda na cancanta. Da ya ga ba zan buɗe baki ba, ya ciro takarda ya fara rubutu. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ranar nan ni na ja, abokina ya sha duka. Aka kira babbar mota ta kwashe baburan. Daga baya aka soke izinin, aka ci shi tara, sana'ar da ya kafa da gadon mahaifinsa ta mutu a rana ɗaya.

Muka kama hanyar gida a motarsa. Ya sauke ni a bakin layinmu a Ka'akiyya, na ce masa, "Ya akhi..." Ya ce, "Gai da Umma," ya ja mota.

Na gaya wa mahaifiyata cewa babur ne ya kife da ni. Ta yi mini sannu, ta karɓi kayan ta jiƙa. Washegari da safe ina shan shayi ta kira ni bayan gida wurin wanki. Ta buɗe tafin hannunta. Wani ɗan ƙaramin kwaɗo ne matacce, bai kai kan ɗan yatsa ba, ƙafafunsa huɗu sun fito cif, saura guntun wutsiya. A cikin naɗin ƙafar wandona ta same shi.

Ta ce, "Wannan ma babur ne ya kife da shi?"

Na zauna a kan bokiti na gaya mata komai, har da shirun da na yi. Ba ta zage ni ba. Na so a ce ta zage ni. Ta naɗe ɗan kwaɗon a takarda, ta tona ƙasar tukunyar na'ana'arta ta sa shi, ta wanke hannu. Sannan ta ce, "Ni ka fake da ni ka yi shiru? To ban gode ba. Ka tashi ka je ka faɗa musu."

Kwana huɗu na yi ina jan ƙafa kafin na je. Na sami dattijon a ofishinsu, na ce masa ni ne na kwance igiyar. Ya ce, "Na sani tun ranar." Ya ce an riga an rufe maganar, mai izini ya sa hannu, doka kuma shi take tambaya kan abin da ma'aikacinsa ya yi. Na ce a mayar da laifin kaina. Ya ce da na faɗa a wurin, da zai rubuta abin da ya faru yadda ya faru, wataƙila hukuncin ya zo wa abokina da sauƙi, amma yanzu babu abin da zai canza. Na tambaye shi kwaɗin fa. Ya ce na bana dai babu wanda ya tsira. Ya ce idan akwai manyan da suka rage a ƙarƙashin ƙasa, sai wani ruwan ya zo za a sani.

"Gobe za mu kwashe ƙasar da man ya shiga," in ji shi. "In kana da hannu, ka zo da shi."

Na je. Kwana biyu muna cika buhuna da baƙar laka da shebur. Babu wanda ya yi mini gori, babu kuma wanda ya ce sannu. Da muka gama aka mayar da turakun, ni na ɗaure igiyar da kaina.

Daga nan na wuce Rusaifa. Abokina ya karɓe ni a falo, ya zuba mini shayi kamar kullum. Na nemi ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a mota. Na ce to me ya sa ya ɗauki laifin, alhali ya san ni ne.

Ya ce, "Saboda igamarka mana. Kai kaɗai ka tuna da ita? Ko da ka yi magana, da na katse ka na ce ƙarya kake."

Na ce, "To ashe shirun nawa bai canza komai ba."

Ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Ya canza. Na so in ji ka fara, ni kuma in hana ka. Kalma ɗaya kawai. Ina tsaye ina jiran ka ce 'ni', ka bar mini sauran. Ba ka ce ba."

Na tashi zan tafi. Ya raka ni har ƙofa, ya riƙe hannuna, ya ce zumunci yana nan, amma sana'a tare ta ƙare. Bayan wata biyu ya sami aikin gadi a wani kamfani a Jidda, ya kwashe iyalinsa. Ni kuma na koma gyaran na'urar sanyaya ɗaki, aikin da nake yi har yau. Igamata ta fito lafiya lau, ba a ko tambaye ni komai ba. Ranar da na karɓo ta ban iya cin abinci ba.

Shekara uku a jere, duk lokacin da aka yi ruwa, nakan ɗauki mota ni kaɗai in tafi kwarin bayan la'asar. Ruwan yana taruwa a gindin dutsen kamar da, igiyar tana nan, allon yana nan har rana ta cinye hoton kwaɗon. Nakan zauna a kan dutse har a kira magariba. Ban ji ko ɗaya ba. A shekara ta uku na haɗu da dattijon a wurin, ya ce wani lokaci sukan dawo bayan an fid da rai, wani lokaci kuma shi ke nan. Ban sake komawa ba. Ban da ƙarfin zuciyar jin amsar.

Ba na cewa ni kaɗai na ƙarar da su. Shekara da shekaru muna tsaga ruwan nan, mu da wasunmu, kafin a zo a kafa igiya. Amma sauran shekarun ban sani ba. Wannan karon an ɗauke ni har bakin ruwa an nuna mini, an roƙe ni da girma da arziki, an ce makonni kaɗan. Na sani, na yi. Wannan shi ne bambancin, kuma shi ne yake hana ni samun sukuni.

Abokina yana nan. Muna gaisawa da Salla, idan an yi haihuwa ko rasuwa muna zuwa wa juna. Ran da mahaifiyata ta rasu, kafin in gama sanar da dangi ya iso daga Jidda, kafaɗarsa na gefen tawa a ƙarƙashin makara har muka shiga masallacin Harami. Bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. Amma hirar da muke yi a da, wadda ba a neman abin faɗa, ba ta dawo ba. Yanzu idan mun zauna sai mu tambayi lafiyar yara, mu yi maganar zafi, mu duba waya. Na koyi cewa yafiya da dawowar abu yadda yake ba ɗaya ba ne, kuma ba ni da hurumin neman na biyun.

A ciwonta na ƙarshe, wata rana ina zaune a gefen gadonta ina ɓare mata lemo, ta ce in lissafa mata ko akwai wanda nake riƙe da haƙƙinsa, tana so ta tafi da sanin cewa na sauke. Na ce babu, Umma, har abokina ma ya daɗe da yafe mini.

Ta ce, "Shi ai yana da baki. Saura su."

Na gane waɗanda take nufi. Na ce, "To su ta yaya ake neman yafiyarsu?"

Mahaifiyata mace ce da ban taɓa kai mata tambaya ta rasa amsa ba, ko da karin magana ce za ta samo ta ba ka. Ta ɗaga ido ta kalli rufin ɗaki. Sannan ta ce, "Wallahi ɗan nan, ban sani ba."

Na tambayi malamai biyu bayan rasuwarta, duka sun ce in yi istigfari in yawaita kyautata wa dabbobi, Allah Mai gafara ne. Ina yi. Akwai kwanon ruwa a ƙofar shagona da tattabaru da kuliyoyin layi suke sha, ba na barin ya bushe. Ban ce biya ba ne. Idan ka cuci mutum, ka san ƙofar da za ka je ka ƙwanƙwasa, ko ya buɗe ko ya ƙi. Waɗannan kuwa ban bar ko ɗaya da zan je in tsaya a gabansa ba.